Cin Zali Tsakanin Haziƙan Ɗalibai: Abin da Ya Kamata a Koya wa Malamai

Makarantun haziƙai irin ta gwamnatin tarayya da ke Suleja da ta Bamaina a Jigawa da jarrabawa suke tace ɗalibansu. Shi ya sa wasu ke ɗauka cewa inda aka tara masu ƙwaƙwalwa ba a cin zali. Ana yi, salo ne ya bambanta. Yaron da ya saba zuwa na ɗaya a firamarensu ya tarar da talatin irinsa, sai gasa ta zama gaba: a ɓoye littafin wanda ya fi maki ana gobe jarrabawa, a laƙaba masa suna, ya zauna cin abinci kowa ya ɗauki kwanonsa ya tashi. Babu rauni, makinsa ma bai sauka ba tukuna, to me malami zai gani?

Horon malamai ya kamata ya fara da ma'auni uku na gane cin zali na Dan Olweus, tsohon masanin jami'ar Bergen a Norway: da gangan aka yi? Ana maimaitawa? Wani ya fi wani ƙarfi? Ƙarfi a nan ba na damtse kaɗai ba ne, har da zama siniya da yawan abokai.

Babban kuskure shi ne haɗa yaran biyu a ofis a ce "ku yafe wa juna". Wanda aka zalunta ba zai buɗe baki a gaban mai zaluntarsa ba, kuma da dare ɗaki ɗaya za su kwana. A KiVa, shirin yaƙi da cin zali na jami'ar Turku, wanda ya bazu a makarantun Finland daga 2009, ma'aikata aƙalla uku ake warewa a kowace makaranta. Su saurari yaron shi kaɗai, su gana da masu laifin ɗaya bayan ɗaya, a rubuta, a sake zama bayan mako ɗaya ko biyu a ji ko an daina. Ana kuma neman wasu 'yan ajin su riƙa jan yaron a jiki, domin dariyar 'yan kallo ce ke ƙara wa mai zali kaimi.

Sai kuma halin malamin kansa, wanda ba a cika son taɓowa ba. Karanta maki a bainar aji, ko cewa "ku dubi wane, ku ji kunya", ɗora wa yaro jakar tsaba ne. A miƙa wa kowa takardarsa a kife. A karɓe bulala daga hannun siniyoyi, malamin da ke kan aiki kuma ya riƙa leƙa ɗakin kwana da layin wanka bayan karatun dare, ba a lokaci ɗaya kullum ba.