Takardar rukunin jini ba hujjar zargin mace ba ce

Jama'a, akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. A unguwanninmu, daga Shara Mansur a Makka har Jidda, kowa ya zama likita. Mace ta haihu a mustashfa (asibiti), a miƙo takardar tahalil, wato gwajin jini, miji ya ga an rubuta wa jariri O, alhali shi A ne, matarsa B. Nan take fuska ta canza. Kafin ranar suna uwar miji ta ji, ƙannensa sun ji, masu zuwa barka suna ta leƙen fuskar yaro suna neman kama.

Malam, ba haka gadon jini yake tafiya ba. Kowa yana ɗauke da ƙwayoyin gado biyu na rukunin jini, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, kuma iri uku ne ke yawo a cikin mutane: A da B da O. Ita O ɓuya take yi. Wanda aka rubuta wa A yana iya ɗauke da O a ɓoye, haka ma mai B. Irin waɗannan biyun idan suka yi aure, za su iya haifar A ko B ko AB ko O, duk huɗun, kuma duk 'ya'yan halak. A da B kuwa in sun haɗu babu mai danne wani, tare suke bayyana, saɓanin waken Mendel da aka koya mana a makaranta, inda dogo ke rinjayar gajere.

Ko inda lissafin ya ƙi fita ma a yi hattara. A 1952 wani likita mai suna Bhende ya gano wani jini a birnin Bombay na Indiya: mutum na ɗauke da A ko B a gadonsa, amma jikinsa bai ƙera tushen da suke maƙalewa a kai ba, sai gwaji ya nuna O. Ya haihu, A ɗin ta fito sarai a jikin ɗansa. Ba kasafai ake samunsa ba, amma akwai shi. Ga kuma kuskuren ɗan Adam, kwalba ta musanya ko biro ya zame.

Abin da ya fi ba ni takaici, mu da muke zaune a garin Manzo (SAW) mun san labarin baƙauyen da ya zo wurinsa yana shakkar ɗansa saboda launin fata. Aka tambaye shi, a cikin jajayen raƙumanka babu mai ruwan toka? Ya ce akwai, wataƙila kakanni ya gado. Aka ce to ɗanka ma haka. Ƙazafi kuma bulala 80 ne, kowa ya sani.

In dai karatun takardar kake so, duba ƙaramar alamar da ke gefen harafin. Idan ta matarka ragi (−) ce, taka kuma ƙari (+), jikinta na iya yaƙar jinin jaririn da za ta ɗauka a gaba. Akwai allurar anti-D da ake yi mata cikin awa 72 bayan haihuwa don hana hakan. Ita ya kamata ka tsaya a bakin ɗaki kana tambayar nas ko an yi.