Jakin da Ya Tona Asirin Mutum Biyu

Ni dai Allah ya jarabce ni da son tarkacen da. Abu in ya tsufa kuma yana ƙyalli, to sai na kwaso shi gida. A haka na mallaki wani jakin tangaram da giwa abokiyar tafiyarsa, da wata tsohuwar mota ja, da kwalbar gilashi mai nauyi wadda aka sassaƙa kamar lu'ulu'u. Na jera su a saman kabad ɗin falo, har 'yar fitila na sa musu a baya. Wata uku ina cika wa baƙi baki cewa kayan tarihi ne. Kan jakin yana ɗan girgiɗi, amma na ɗauka tsufa ne.

Ranar da Kawu ya zo, ko zama bai yi ba ya nufi kabad. Ya ɗauki jakin, ya murɗa, sai ga kai a hannunsa, toshiyar ciki tana zubowa kamar garin katako. Ya kai hanci, ya ɗago ya ƙura mini ido.

"Ɗan nan, tun yaushe ka fara?"

"Fara me, Kawu?"

Ya kifa jakin ya nuna mini gindinsa. Jim Beam. Ashe kwalaben wiski na yi wa fitila! Gumi ya karyo mini, na shiga rantse-rantse. Matata, wadda ta leƙo gaisuwa, ta koma da baya ba ko sallama.

Sai kuma Kawu ya gyara tsayuwa ya buɗe aji. Ya ce kamfanin na jihar Kentaki ne a Amurka, kuma daga 1956 ya riƙa fitar da jaki da giwa a shekarar zaɓe, jaki na 'yan Dimokurat, giwa ta 'yan Rifablikan. Masana'antar Regal China da ke Ilinoi ce ke ƙera musu tangaram ɗin har ta rufe a 1992. Da ya iso kan kwalbar gilashin ya ɗan ƙwanƙwasa ta da farce, ta yi ƙara ziiin, ya ce wannan amon na dalma ne, kada a kuskura a bar abin sha ya kwana a ciki. Ni kuwa da ruwan sanyi na yi niyyar kawo masa a cikinta, don burga.

Da numfashina ya dawo na ce, "To Kawu, ku a ina kuka san duk wannan?"

Ya mayar wa jakin kansa a karkace, ya duba agogo, ya ce ina takalmansa.

Bayan kwana biyu saƙonsa ya shigo wayata: in ba na son giwar, kada in yar, tasa ce ta fashe.