A fara kashe wutar Bawku tukuna

Wani labari ya ce za a ƙara sojoji a iyakar ƙasarmu Ghana da Burkina Faso. Madalla, amma a fara kashe wutar rikicin Bawku, garin da ke kusa da iyakar, don ɓarakar cikin gida 'yan ta'adda ke nema. Mu 'yan albasa na kasuwar Adjen Kotoku da ke kusa da Accra daga bakin direbobinmu muke jin halin da ake ciki: mota ta taso daga Galmi ta Nijar, ta yi kwana da kwanaki a Dori ta Burkina Faso tana jiran rakiyar soja, albasa na ruɓewa cikin buhu. Tun 2017 ƙasashen yankin suka ƙulla shirin tsaro na Accra don yaƙar ta'addanci, amma a 2022 aka kashe sojojin Togo 8 a Kpekpakandi da ke arewacin ƙasar. Don Allah gwamnati ta ja limamai da sarakunan zango a jiki, su suka san baƙon da ya sauka unguwar Nima ta Accra.