Tsamo Ainihin Abu Ba Aikin 'Yan Jami'a Kaɗai Ba Ne

Mutane da yawa a Zariya suna ɗauka cewa tunanin da ke barin abin da ido ke gani ya koma ga lissafi da ƙa'ida, sana'ar malaman jami'a na Samaru ce, wai ba ruwansa da rayuwar yau da kullum. Ba haka ba ne. Tsamo ainihi shi ne ka ajiye siffofin da ba su shafi matsalarka ba, ka riƙe wadda ta shafe ta. Mai awo a kasuwar Sabon Gari da ya ce "mudu uku" ya riga ya yi shi, domin ya bar launin gero da gonar da ya fito, ya riƙe yawansa kawai.

Dubi rabon gado a zaure cikin Birni. Mamaci ya bar mata, uwa, da 'ya'ya maza da mata. Malam ba ya fara tambayar wace saniya ce mai ƙiba. Sai ya mai da dukiyar duka kashi 24: matar ta ɗauki sumuni, wato 3, uwa sudusi, wato 4, ragowar 17 na 'ya'ya, namiji rabon mata biyu. Da wannan ƙa'ida ɗaya ake raba gida, shanu ko kuɗin banki.

Inda ake tafka kuskure shi ne a yar da siffar da ita ce jigon magana. In aka ƙirga gonaki da faɗinsu kawai, fadamar bakin kogin Galma da ake noman rani za ta zo daidai da tudu mai tsakuwa, a cuci wani magaji. Shi ya sa ake kiran masana su yi wa kowace gona kuɗi tukuna, sannan a ɗora lissafi.