Injiniyan "ba matsala" da dish ɗin da ya kafa min a jirgin ruwa

Wata uku ke nan ina haɗiye wannan magana, yau kam ta ƙi haɗiyuwa. Jiya da la'asar wani abokin sana'ata daga Zamare ya kira ni yana murna, wai ya samu injiniyan da zai kafa masa dish da sifikoki a jirginsa, fasinja su riƙa kallon ƙwallo suna tsakiyar kogin Kwara. Na ce ya kwatanta min mutumin. Bai kai ƙarshen kwatancen ba na gane nawa ne. Shi ne dai, da baƙar jakarsa da 'yar na'urar auna sigina da yake ratayawa a wuya kamar likita.

Ni a Yelwan Yawuri nake, sana'ata jirgin ruwa. Ina da na katako biyu masu ɗaukar albasa da shinkafa da mutane, sai kuma wani na faiba mai rumfa da kujeru da na sayo na hannu, na ɗora masa inji mai doki 85 wanda ake tayarwa da makulli. Wannan ba na lodi ba ne, na haya ne: kai amarya ƙetare, baƙin da ke zuwa kallon bikin wasannin ruwa na Rigata, ma'aikatan da ke son zagaya ƙauyukan gungu ba tare da an cusa su tsakanin buhuna ba. Na ce in akwai talabijin da sauti mai daɗi a ciki, kuɗin haya zai ƙaru. Kwaɗayi ne, na sani, kuma na amsa laifina tun kafin wani ya tuna min.

Amma tambaya na yi ta. Sau uku na yi ta, gaban shaidu. Na ce, "Injiniya, jirgin nan tafiya yake yi, yana juyawa, yana rawa bisa ruwa. Dish irin na gida zai yi aiki a kansa?" Ya yi dariya irin ta wanda ya ga baƙauye, ya ce, "Alhaji, ba matsala. Tauraron ɗan'adam a sama yake, ko ina ka nufa yana bisa kanka." Maganar ta shige ni, don ta yi kama da hankali. Na ƙirga masa kuɗin kaya da na aiki, ya tafi Birnin Kebbi ya dawo da faranti da risiba da talabijin da inbata da amfilifaya da manyan sifikoki biyu.

Ranar gwaji da sassafe ne, ruwa kwance kamar tabarma, hancin jirgi kuma a kan yashi, an ɗaure shi gaba da baya. Yanzu na gane ba banza ya zaɓi wannan lokaci ba. Hoto ya fito tar, har yaran tasha suka taru suna tafi. Ya kunna wa'azi, ya kunna kiɗa, kowa ya ce Alhaji ya kawo birni bakin gulbi. Na cika masa ragowar kuɗinsa har da na mota. Kafin direbana ya gama zuba mai, mutumin ya hau acaɓa ya ɓace.

Muna tura jirgi cikin ruwa, ko inji ba mu tayar ba, hoto ya fara kakkaryewa, fuskar mai labarai ta rabu gida-gida. Direba ya karkata hanci zuwa gabas, allo ya yi shuɗi. Shi ke nan. Tun daga ranar har yau talabijin ɗin nan bai sake nuna komai a kan ruwa ba, sai in an ja jirgin tudu an danne shi kamar ragon layya.

Na kira shi. Ya ce hadari ne. Hadari a watan Disamba! Sama wasai, ko gajimare ɗaya babu daga nan har Rofiya. Na san ruwan sama mai ƙarfi yana ɗauke hoton dish, kowa mai dish a gida ya san wannan, amma ina aka ga damina tsakiyar hunturu? Da na faɗa masa haka sai ya ce to hazo ne. Washegari ya ce masu tashar ne suka canza lambobi. A kira na huɗu ne ya ba ni shawarar da ta sa na kusa jefa wayar cikin gulbi: wai in samu yaro ya zauna bisa rumfa yana riƙe da farantin, in jirgi ya juya shi ma ya juya. Ɗan wa zan ɗora kan rumfa jirgi na gudu? Nasa?

Sai da ɗan ƙanwata ya zo hutu daga kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi na fahimci irin rainin hankalin da aka yi min. Ya hau ya duba, ya sauko yana girgiza kai. Ya ce, "Kawu, wannan ko a mafarki ba zai yi ba." Ya zana min a ƙasa da tsinke. Taurarin da ke watso talabijin suna can nisan kusan kilomita 36,000 saitin tsakiyar duniya, suna zagayawa daidai da juyawar ƙasa, shi ya sa a wurinmu suke kamar a kafe wuri ɗaya. Kowane yana da kusurwarsa: Nilesat da ake kama tashoshin Larabawa a kansa yana digiri 7 yamma, wani na Eutelsat yana digiri 36 gabas. Farantin gida kuwa idonsa ƙunci ne da shi, kamar mai leƙe ta ramin allura. In ya kauce da digiri biyu ko uku, hoto ya tafi. Shi ya sa mai kafa dish yake ɓata rabin awa yana taɓa shi kaɗan-kaɗan, in ya samu ya ɗaure noti tamau. To jirgin da mutum ɗaya in ya tashi daga wannan gefe ya koma wancan sai ya karkata fiye da haka fa?

Ya nuna min a wayarsa irin wanda ake sa wa jiragen shaƙatawa na masu kuɗi da manyan jiragen teku. Farin ƙoƙo ne kamar an kife ƙwarya, farantin yana ɓoye a ciki, da ƙananan motoci da na'urorin da ke jin duk motsin jirgi suna mayar da shi saitin tauraro cikin ƙiftawar ido. Kamfanoni irin su Intellian na Koriya ta Kudu ne ke ƙera su, kuma ko ƙaraminsu dubban daloli ne. Da mutumin nan ya ce min, "Alhaji, abin da kake so akwai shi, amma kuɗinsa zai sayi wani jirgin," da na gode masa, na sayi filashi na cika shi da finafinai da wasannin ƙwallo na huta. Jimla ɗaya ce tak. Ya san ta ya ɓoye, ko bai san ta ba yake yawo da sunan injiniya, ni duk ɗaya ne a wurina, don kuɗina ba su san bambancin ba.

Duk wannan asarar kuɗi ce, kuma da a nan ta tsaya da ban rubuta komai ba. Abin da ke hana ni barci shi ne wayarin.

Sifikokin da ya kawo na ɗaki ne, akwatinsu na matsattsen garin katako, bakinsu na takarda. Sati biyu feshin ruwa na dukansu suka kumbura kamar burodin da ya faɗa shayi, sauti ya koma kamar ana magana cikin tulu. Tun kafin su mutu ma, da zarar an tayar da inji sai wani kuka ya shiga cikinsu, direba na ƙara wuta kukan na ƙara tsini. Na jirgi daban suke: roba ce da ba ta jin ruwa da rana, wayoyinsu kuma an shafe su da kuza don kada danshi ya cinye su. Shi kuwa injiniyan, siririyar wayar nan ta ɗari-ɗari ya ja, ya murɗa bakin da hannu, ya naɗe da baƙin salatif, ya bar ta kwance a ƙasan jirgi inda ruwa ke taruwa. Ta ina ta bi? Ta gefen jarkokin fetur. Fiyus ko ɗaya babu tsakanin batir da inbata. Ɗan ƙanwata da ya ɗaga wayar ya ga inda ta fara narkewa, sai da ya yi salati. Wuta a gida ana gudu waje. Wuta a jirgin faiba da jarka huɗu ta fetur, tsakiyar ruwa, ina za a gudu?

Kuma duk kayan nan, talabijin da risiba da amfilifaya, ya rataya su ne a kan batir ɗaya tilo, wanda ke tayar da inji. Ko yaron makanike ya san ana ware batir na biyu don kayan kallo, a bar na inji da aikinsa. Ni ban san abin da ya yi ba sai ranar da muka kai amarya wani gungu. Muka tsaya awa uku ana buɗar kai, 'yan mata suka roƙi a bar musu kiɗa, na ce a bar musu. Da muka tashi dawowa gab da magariba, mutum goma sha huɗu a ciki, yawanci mata, biyu da goyo, aka tura jirgi ya bar gaɓa, direba ya murɗa makulli. Ƙas. Ya sake murɗawa. Ƙas. Ruwa ya fara jan mu kudu.

Wanda bai san wannan yanki ba zai ce ai sai a jira wani jirgi. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya haɗiye gonaki da dazuzzuka, kututturan itatuwa suna nan tsaye a ƙarƙashi, da rana ma sai wanda ya san hanya, balle duhu ya shigo. Kuma babu wanda ke cin abinci a gulbin nan da ya manta watan Mayun 2021, lokacin da jirgi ɗauke da sama da mutum 100 ya nutse kusa da Warra a ƙaramar hukumar Ngaski, aka yi kwanaki ana tsamo gawa. Wannan ne ya faɗo min a rai ina kallon matan nan sun yi tsit, wata tsohuwa na jan "Hasbunallahu" a hankali. Allah ya saka wa direbana da alheri. Ya cire murfin inji, ya naɗa igiya a kan ƙarfen da ke juyawa a sama, ni da shi muka ja. Inji mai doki 85 ba janareton shago ba ne. A ja na shida ya kama, tafin hannuna ya tsage. Muka iso tasha bayan isha'i, dangin mutane tsaye da tocila, ana ta kiran wayoyi. Uban ango bai ce min komai ba. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Tun daga ranar an daina ɗaukar jirgin haya kamar da. Magana ta zaga cewa na Alhaji yana mutuwa a tsakiyar ruwa. Shekara goma sha ɗaya ina gina sunan nan, ban taɓa lodin wuce kima ba, ban taɓa tashi da dare ba, rigunan ruwa na saya da kuɗina tun kafin a fara matsa wa mutane a kansu. Mutum ɗaya da salatif ya zubar min da shi cikin yini guda.

Ban ma yi maganar rumfa ba. Huji takwas ya yi mata ya ɗaura ƙafar farantin, bai toshe ko ɗaya da gam ba. Farantin kuma ya zama kamar an miƙa wa iska hannu: ranar da iskar hunturu ta taso, ya fizge noti biyu ya tsaga faiba kamu guda. Mai liƙin faiba sai daga nesa ake kiransa, shi ma da nasa kuɗin.

Na je shagon da ya ce nasa ne. Ashe ba nasa ba ne, benci kawai yake zama a ƙofa. Mai shagon ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, kai ne na uku." Na uku! Wato akwai biyu kafin ni da suka yi shiru, kunya ta hana su faɗa, ni ma na zo na bi sahunsu wata uku cur, don kada a ce an yi wa Alhaji wayo. To an yi min. Ga shi na faɗa da bakina, kowa ya ji. Masu ce min in bar shi da Allah, na bar shi da Allah, amma ban ga inda aka ce in zuba ido ya je ya shimfiɗa waya tsirara kusa da fetur a jirgin da zai ɗauki 'ya'yan mutane ba.

Na gaya wa abokina na Zamare kada ya ba shi ko sisi, ya ce masa dai ya zo ran Asabar a yi ciniki. Na sanar da shugaban tasharmu da Sarkin Ruwa, sun ce za su aiko da mutum. Zan ƙetara da asuba da narkakkiyar wayar a aljihu, da direbana, da ɗan ƙanwata. Buƙatata ɗaya ce: a sa shi cikin jirgin, a tura shi tsakiyar ruwa, ya kunna mana talabijin ɗin gaban jama'a. Farantin na kwance shi daga rumfa, uwargida na shanya kuɓewa a kansa, amma na ce ta juye ta wanke shi, da shi za mu tafi.