Idan Babu Mace a Kujerar, Wa Zai Yi Tambayar?

A farkon shekarar 1997, a birnin Arusha na ƙasar Tanzaniya, kotun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa don hukunta masu hannu a kisan ƙare dangin da aka yi a Ruwanda a 1994 tana sauraron shari'ar Jean-Paul Akayesu, tsohon shugaban gundumar Taba. Takardar tuhumar da masu gabatar da ƙara suka shigar ta lissafa kisa da azabtarwa, amma ba ta ce uffan game da fyaɗe ba. Sai wata mai ba da shaida, tana cikin bayanin abin da ya sami iyalinta, ta ambaci cewa an yi wa 'yarta mai shekara shida fyaɗe. Tun da maganar ba ta cikin tuhuma, da an bar ta ta wuce babu wanda zai ga laifin kotu. Mai shari'a Navanethem Pillay, 'yar Afirka ta Kudu, wadda ita kaɗai ce mace cikin alƙalai ukun da ke zaman, ta riƙe maganar, ta ci gaba da yi wa shaidu tambaya a kanta, yayin da ƙungiyoyin mata suke matsa lamba daga waje. A watan Yuni na wannan shekara aka gyara tuhumar, ranar 2 ga Satumba 1998 kuma kotun ta yanke hukuncin da ya zama na farko a tarihin kotunan duniya da ya tabbatar cewa fyaɗe na iya zama wani ɓangare na kisan ƙare dangi.

Duk lokacin da aka taso da muhawara kan ba mata muƙaman gwamnati, wannan shari'a ce take faɗo mini a rai, domin ta nuna ainihin abin da ake rasawa idan babu su. Hujjar da aka fi kawowa ita ce mata sun fi tausayi, ni kuwa ban ɗauke ta hujja mai ƙarfi ba, saboda tausayi hali ne da ake samu ga namiji da mace, ana kuma rasa shi ga dukansu. Abin da mace take shigowa da shi ofis shi ne sanin yadda shirun wadda aka ci zarafinta yake, da dalilin da ya sa take faɗin rabin magana ta haɗiye rabi. Hausawa sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma amfanin wannan sani yana bayyana ne idan mai shi tana da ikon dakatar da zama ta ce a koma kan wancan batu.

Girman matsalar ba abin musu ba ne. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ya nuna cewa kusan mace ɗaya cikin uku a duniya, wato mata wajen miliyan 736, ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi ta hanyar jima'i daga miji ko abokin zama, ko kuma cin zarafin jima'i daga wani na dabam. Mafi yawansu ba sa kai ƙara ko'ina. Abin da ya faru a Indiya ya ƙara haske kan dalili. A 1993 gyaran kundin tsarin mulki ya fara aiki, wanda ya ware wa mata kashi ɗaya cikin uku na kujerun majalisun ƙauyuka. Binciken da Lakshmi Iyer da abokan aikinta suka wallafa a 2012 ya gano cewa bayan hawan matan, ƙararrakin cin zarafin mata da ake rubutawa a ofisoshin 'yan sanda sun ƙaru, kuma alamu sun nuna cewa laifin bai ƙaru ba, masu kai ƙara ne suka yawaita, 'yan sanda kuma suka rage korar su. Mai karanta alƙaluma a gaggauce zai ɗauka lamarin ya lalace, alhali kuwa bakin da ya daɗe a rufe ne ya buɗe.

Sai dai buɗe baki somin taɓi ne. Yarinyar da aka yi wa fyaɗe tana bukatar likita cikin sa'o'i 72 idan ana son maganin kariya daga ƙwayar cutar HIV ya yi aiki, tana bukatar a ɗauki shaidar asibiti kafin ta gushe, tana bukatar ɗan sandan da zai rubuta bayaninta ba tare da ya tambaye ta abin da ya fitar da ita daga gida ba, sannan lauya, sannan wurin kwana idan wanda ya cuce ta a gida ɗaya suke. Idan kowanne daga cikin waɗannan yana wata unguwa dabam, kuma a kowane wuri sai ta sake ba da labarin daga farko a gaban baƙin fuska, to ita da mahaifiyarta za su gaji kafin a kai ko'ina, wanda ya aikata laifin kuma ya san da haka. Wannan ne ya sa cibiyoyin da ke haɗa komai a ƙarƙashin rufi ɗaya suke da muhimmanci, irin cibiyoyin Thuthuzela na Afirka ta Kudu, da Isange da aka buɗe a Kigali a 2009, da cibiyar Mirabel da lauya Itoro Eze-Anaba ta kafa a Legas a 2013. Tun kafin waɗannan, a 1985, aka buɗe a birnin Sao Paulo na Brazil ofishin 'yan sanda na musamman da mata ke gudanarwa don karɓar ƙarar mata.

Brazil ɗin ce kuma ta nuna yadda wadda aka zalunta take iya zama jagora. A 1983 mijin Maria da Penha, mai ilimin harhaɗa magunguna, ya harbe ta tana barci, ƙafafunta suka shanye har abada. Ta shafe kusan shekara ashirin tana bin kotuna yana yawonsa, har sai da hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasashen nahiyar Amurka ta sami gwamnatin Brazil da laifin sakaci a 2001. A 2006 aka kafa dokar yaƙi da cin zarafi a cikin gida wadda take ɗauke da sunanta, kuma wadda ta jagoranci nazarin ƙudurin a majalisar wakilai mace ce, Jandira Feghali. Ɗaya ta yi fafutuka daga kan keken guragu, ɗaya ta yi aiki daga cikin majalisa, kuma da babu ɗayarsu da wuya ɗayar ta kai gaci. Haka ma a Ruwanda, dokar hana cin zarafin jinsi ta 2008 daga ƙungiyar mata 'yan majalisa ta samo asali, amma sun yi dabarar jawo maza cikin masu gabatar da ƙudurin, domin sun san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Akwai masu cewa irin wannan fafutuka tana rusa gidaje, tana koya wa mata ƙin haƙuri da tonon asirin iyali. Ina ɗaukar wannan damuwa da muhimmanci, domin masu ita sau da yawa mutane ne masu son zaman lafiyar aure da gaske. Amma gidan da ake karya wa uwa hannu a gaban 'ya'yanta ya riga ya rushe tun kafin kowa ya kai ƙara, kuma rufin asirin da yake kare mai laifi ya bar yarinya da ciwo, asirin mutum ɗaya kawai ya rufa. Yaron da ya tashi yana kallon duka yana ɗaukar darasin zuwa nasa gidan. Saboda haka matar da ta tsaya a majalisa tana neman dokar ciyar da 'ya'ya bayan rabuwar aure, ko umarnin kotu da zai nisanta mai duka daga wadda yake duka, aikin kare iyali take yi.

Dole kuma a faɗi gaskiya cewa zaman mace a kujera shi kaɗai ba ya warkar da komai. Ellen Johnson Sirleaf ta mulki Laberiya daga 2006 zuwa 2018, a zamaninta aka kafa kotu ta musamman don laifukan fyaɗe a Monrovia, duk da haka rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2016 ya nuna cewa ƙalilan ne daga cikin ƙararrakin suke kai wa ga hukunci, saboda ƙarancin masu bincike da kayan aiki da kuma sulhun da ake tilasta wa iyalai a bayan fage. Akwai kuma gidauniyoyin matan shugabanni, waɗanda wasunsu suke yin aikin kirki, amma suke mutuwa ranar da maigida ya sauka daga mulki, domin babu doka a bayansu, babu kuma layi a kasafin kuɗi. Mafi ɓacin rai shi ne al'adar gwamnatoci da yawa ta killace mata a ma'aikatar harkokin mata, a ba ta kason da bai taka kara ya karya ba, sannan a nuna ta a matsayin shaidar cewa an dama da mata.

Najeriya misali ce ta yadda doka take tsayawa a takarda. An sanya hannu kan dokar haramta cin zarafin mutane a watan Mayu na 2015, amma da farko a Babban Birnin Tarayya kawai take aiki, sai kowace jiha ta amince da ita a majalisarta, kuma ko a jihohin da suka amince, aiwatarwa tana bukatar kuɗin da ba a cika warewa ba. A 2016 majalisar dattawa ta yi watsi da ƙudurin daidaiton dama da Sanata Biodun Olujimi ta gabatar, a watan Maris na 2022 majalisun tarayya suka ƙi amincewa da gyaran da zai samar wa mata kujeru na musamman, bayan zaɓen 2023 kuma mata huɗu ne kacal suka zauna cikin sanatoci 109. Mutum huɗu ba za su iya kasancewa a kowane kwamiti ba, kuma a kwamiti ne ake yanke ko cibiyar kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe za ta sami likita da magani a shekara mai zuwa.

Don haka idan ana maganar naɗa mata, wuraren da ya kamata a sa ido su ne ma'aikatar kuɗi, da ma'aikatar shari'a, da shugabancin rundunar 'yan sanda, da kujerun alƙalai, da kwamitin kasafin kuɗi na majalisa. A duba ko akwai layin da aka rubuta da sunan cibiyoyin kula da waɗanda aka ci zarafinsu, a duba ko an saki kuɗin bayan an rubuta, a kuma duba yawan ƙararrakin da suka shiga kotu da yawan waɗanda aka yanke wa hukunci a ƙarshen shekara. Jam'iyyu ne suke tsayar da 'yan takara, gwamnoni da shugabanni ne suke naɗa kwamishinoni da ministoci, kuma su ne ya kamata 'yan jarida da masu zaɓe su riƙa tambaya, da suna da muƙami, mace nawa suka ɗora a kan waɗannan kujeru.