Yaron shagon Kwari ya fi mu kusa da Jamus

Ranar da ƙanena ya karɓo takardar kammala bautar ƙasa, kiran bidiyo ya yi min yana ɗaga ta a gaban kyamara. Na taya shi murna, sannan na ce to yanzu kuma sai me? Ya ce, "Yaya, yanzu sai jira. An ce kwastan za su buɗe shafin ɗaukar ma'aikata, kuma Kawu ya ce zai yi wa wani magana." Bayan mun ajiye waya na daɗe ina juya kalmar nan ta jira a raina, domin ita na furta ni ma lokacin da na gama tawa hidimar, kuma da ban bar gida ba, da wataƙila har yau ban ga aibunta ba.

Shekarata bakwai ke nan a kudancin Jamus. Karatun digiri na biyu ne ya kawo ni, aiki ya riƙe ni. A zangon karatuna na farko na lura 'yan ajinmu Jamusawa suna ɓacewa wasu ranaku a mako, kuma ba wanda ke tambayarsu. Ashe aiki suke zuwa. Akwai tsarin da suke kira Werkstudent, wato ɗalibi ya riƙe aiki a kamfani a fannin da yake karanta, awa 20 a mako iyaka idan ana cikin zango, da hutu kuma ya ƙara. Da farko na ɗauka babu ce ta kai su. Amma jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatu a hannun ɗan ƙasa, sai 'yan ɗaruruwan yuro na rajista kowane zango, kuma cikin masu zuwa aikin har da 'ya'yan likitoci. Wani da muke zama tare a ɗakin gwaji, shekarunsa 23, ya riga ya yi aiki a wurare uku. Kundinsa na kammala karatu ma a cikin kamfani ya rubuta shi, a kan wata matsala da ta dami injiniyoyinsu, malamin jami'a yana duba ɓangaren ilimi, ma'aikacin kamfanin yana duba ko abin zai yi amfani. Kafin a ba shi sakamako an ba shi takardar ɗaukar aiki.

Ni kuwa da na je ganawar neman aikina ta farko, sakamakon digirina na ɗora a sama, ina ji da shi. Matar da ke tambayata ta ɗan kalle shi ta ajiye gefe, ta ce in ba ta labarin wani abu guda da na taɓa haɗawa ko na gyara da hannuna, da inda ya ba ni wahala. Na yi ta kame-kame. Shekara biyar na yi ina karatun injiniya a gida, ga wata shida na koyon aiki, ga shekara guda ta bautar ƙasa, amma tambayar nan ta tsaya min a wuya.

Wata shidan nan ya kamata in tsaya a kansu, don a takarda muna da abin da Jamusawa suke da shi. Tun 1971 aka kafa hukumar ITF, a 1973 ta fito da shirin SIWES, wanda kowa ya fi sani da IT, don ɗalibi ya taɓa aiki kafin ya gama. Tunani ne mai kyau, kuma ya girmi yawancin malaman da ke sa hannu a kansa yanzu. Nawa IT ɗin a wata ma'aikatar gwamnati na yi shi. Makon farko aka nuna min benci. Mako na biyu wani babba ya ce min, "Kai yaro, kada ka wahalar da kanka, ka riƙa zuwa ranar Juma'a ana sa maka hannu." Littafin da ake cikewa kullum da abin da aka koya, a dare uku na cika shi, daga littafin wani da ya riga ni, wanda shi ma na tabbata kwafa ya yi. Na ci maki mai kyau. Ba na faɗin wannan don in wanke kaina. Daɗin hutun na ji a lokacin, har ina yi wa waɗanda aka tura gareji dariya saboda baƙin mai a rigunansu. Yau biyu daga cikinsu suna da wuraren kansu.

Sai dai kafin a ce ɗalibanmu ragwaye ne, a tambaya ina za a tura su. Bajamushe yana samun gurbin koyon aiki ne saboda kusan kowane ƙaramin gari yana da masana'anta, sau da yawa ta iyali guda, mai ƙera wani ƙarfe ko famfo da ake sayarwa har Sin. Mu kuwa Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, masaƙar UNTL ta bi ta a 2007, kuma duk wanda ya zaga unguwannin masana'antu na Kano, Bompai da Sharaɗa da Challawa, ya ga gine-ginen da suka koma rumbunan ajiye kayan waje. Rashin wuta da kayan fasa-ƙwauri sun cinye wuraren da ɗalibi zai je ya koya. Ga yajin aikin malaman jami'a a kai: wata tara a 2020, wata takwas a 2022. Wane kamfani ne zai tsara ɗaukar ɗalibi alhali ɗalibin kansa bai san shekarar da zai gama ba? Sannan ya fito ya tarar da sanarwar banki tana neman wanda bai wuce shekara 26 ko 27 ba, kamar shi ya rufe makarantar.

Duk wannan gaskiya ne, amma bai ƙare maganar ba, kuma abin da ya rage shi ya sa na zauna rubutun nan.

Ɗan mai gidan da nake haya bai je jami'a ba. Yana da shekara 16 ya shiga abin da suke kira Ausbildung, koyon sana'a mai ƙafa biyu: kwana uku ko huɗu a wurin aiki, kwana ɗaya ko biyu a makarantar sana'a, tsawon shekara biyu zuwa uku da rabi. Sana'o'i sama da 300 ne gwamnati ta amince da su a wannan tsari, daga gashin burodi zuwa aikin banki. Ana biyan ɗan koyo tun watan farko; a 2020 ma doka ta sa mafi ƙarancin abin da za a ba shi, yuro 515 a wata a shekarar farko, kuma ana ɗaga shi duk shekara. A ƙarshe ƙungiyar 'yan kasuwa ko ta masu aikin hannu ce ke yi masa jarrabawa. Yaron nan wayarin ya koya, yanzu yana karatun zama Meister, wato cikakken ubangida mai ikon buɗe wurinsa da ɗaukar yara, kuma a ma'aunin takardun ƙasar matakin Meister ɗaya yake da digirin farko. Uwarsa tana ba da labarinsa da irin muryar da Hajiyarmu take ba da labarin ɗan maƙwabta da ya zama likita.

Da ya gama yi min bayani sai na ga ai na san wannan tsarin. A Kantin Kwari na san shi. Ana kai yaro wurin ubangida yana ɗan shekara goma sha, ya fara da shara da ɗauko dila, ya koyi bambanta shadda da hannu kafin ido, ya san wanda ake ba bashi da wanda ake ba haƙuri, ya riƙe littafi, a fara aikensa Legas, wata rana a yaye shi da jari ko a buɗe masa shago a raba riba. Haka ake yi a Farm Centre wurin masu gyaran waya, haka a garejin kanikawa, haka wurin teloli da maƙera. Inyamurai sun fi mu tsara nasu, kowa ya san yadda suke sallamar yaro bayan shekarun da aka yi alkawari. Abin da Jamus ta ƙara a kai shi ne makaranta a gefe, da yarjejeniya a rubuce, da jarrabawa, da takardar da ko'ina za a karɓa. Amma ƙashin bayan abin ɗaya ne: kana koyo ne a inda ake yin aikin, a hannun mai yin sa, kuma kuskurenka yana da farashi a ranar.

Mu 'yan boko mun ɗauki wannan a matsayin makomar wanda karatu ya ƙi. Ɗalibin da ke karanta harkar kasuwanci a jami'a zai haddace ma'anar jari da riba daga handawut, ya wuce ta gaban Kwari a adaidaita sahu, bai taɓa tunanin cewa darasin nasa ne ake yi a ciki ba. An sa darasin dogaro da kai ya zama dole a jami'o'i, hukumar bautar ƙasa ma ta kawo shirin koyon sana'a na SAED a 2012, amma abin da yawanci ake yi shi ne a haɗa sabulun ruwa rana guda a ɗauki hoto. A ranmu aiki shi ne ofis da albashin ƙarshen wata da fansho. In an zo neman aure tambayar farko ita ce "a ina yake aiki?", kuma "yana ma'aikatar kaza" ta fi "yana da shagon gyaran sola" daɗin ji a zaure, ko da mai shagon yana samun albashin ma'aikacin a mako guda. Ko tsakanin masu kwali ma mun yi aji: rigimar HND da digiri ta kai majalisa ta zartar da ƙudirin soke bambancin a 2021, aka ƙi sa masa hannu, ɗan kwalejin fasaha da ya fi taɓa inji ya ci gaba da zama ƙasa da wanda ya ga injin a allo.

Ba ina cewa nan aljanna ba ce. A yawancin jihohin Jamus ana raba yara tun bayan aji huɗu na firamare, suna 'yan shekara goma, wasu a nufa da su jami'a wasu sana'a, kuma 'ya'yan baƙi da na talakawa sun fi faɗawa layi na biyu. Ana iya sauya layi daga baya, amma da wahala. Wannan bai kwanta min ba, musamman yanzu da nake da 'yar da za ta kai wannan shekarun. Su ma kuma suna da uwa a gindin murhu, har suna da sunan da suke yi mata na barkwanci, Vitamin B, daga kalmarsu ta alaƙa. Bambancin shi ne ɗalibin nan yakan ƙulla tasa alaƙar da kansa a wurin da ya yi koyon aiki, wanda ya ga aikinsa shi ke yi masa magana. Tamu gado ce, in ba ka da kawu a sama ka shiga uku. Na kuma ga abin da tsarinsu ke yi wa mutum: ɗan shekara 19 yana lissafin fansho, yana fargabar gibin wata shida a takardar tarihin aikinsa kamar wani abin kunya. Yaranmu sun fi su juriya da iya buga-buga nesa ba kusa ba. Wanda ya yi karatu da fitilar waya, ya ci jarrabawa bayan wata takwas a gida, ba rago ba ne. Abin da aka cuce shi da shi shi ne an koya masa cewa rayuwa tana farawa ne ranar da kwali ya zo hannu, duk abin da ke gabanta share fage ne.

Shi ya sa ba na jin daɗin shawarar da mu mazauna waje muka saba bayarwa, ta a kwaikwayi Jamus. Ba za a kwaikwayi masana'antar da babu ba. Abin da ke hannu shi ne jami'a ta sauko ta amince cewa garejin da ke gyaran manyan motoci, da shagon haɗa sola, da gonar kaji, da kamfanin sarrafa shinkafa, wuraren IT ne na gaske, malami ya je ya ga ɗalibin a can da idonsa maimakon ya jira littafi a ofis. Ɗalibi kuma tun yana aji biyu ya nemi inda zai riƙa zuwa ranar Asabar da lokacin hutu, ko ba a biyansa. Da na yi haka a watannin da yajin aiki ya zaunar da ni ina kallon ƙwallo a majalisa, da ina da amsar da zan ba matar nan.

Wannan na faɗa wa ƙanena da na sake kiransa. Lantarki ya karanta, kuma a layinmu akwai mai haɗa sola da inbata da aiki ya yi wa yawa har yana mayar da mutane. Na ce ya je ya roƙe shi ya riƙa binsa, ya cika fom ɗin kwastan ɗin ma, ɗaya ba ta hana ɗaya. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, mutumin nan fa ko sakandare bai gama ba. Da digirina zan riƙa ɗaukar masa tsani?" Na ce eh, da shi. Hajiya da ke gefe tana ji ta karɓi wayar ta ce in bar mata yaro ya huta, ai yanzu ya dawo, kuma me mutane za su ce.

Wata biyu bai sake tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Makon jiya ya turo min hoto ba tare da ko kalma ɗaya ba: shi ne a kan rufin wani gida, fuska duk ƙura, yana riƙe da gefen farantin sola. Na tambaye shi ko Hajiya ta sani. Ya ce ta san yana fita da safe, ta ɗauka ɗakin karatu yake zuwa.